Tsohon Babur Ɗin Kaka: Kada a Auna Shi a Kan Sikeli

Wani mai karatu daga Maruda, can ƙasar Gwandu, ya aiko da tambaya. Kakansa ya yi aikin malamin gona a zamanin En'e, ya rasu ya bar babur ƙirar BSA a ɗakin ajiya, kaji na kwana a kan sirdinsa. Yanzu 'yan gwangwan sun taya, shi kuma ya ji labarin cewa a Ingila irin waɗannan babura na yin tsada a gwanjo. Ya sayar, ko ya gyara?

Malam, da farko babur ɗin nan gado ne. Kafin a yi maganar ciniki, sai magada sun zauna sun amince.

Labarin da ka ji gaskiya ne, amma da sauran bayani. Kamfanin gwanjo na Bonhams yakan sayar da tsofaffin baburan Ingila a garin Stafford sau biyu a shekara, kuma a Janairun 2018 ya sayar da wani Vincent Black Lightning na 1951 a Las Vegas kan dala 929,000. Sai dai irin wannan 'yan kaɗan aka ƙera. Idan naka BSA Bantam ne, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1948 zuwa 1971, to dubbansa na nan a Ingila, kuɗin jirgi ma na iya cinye ribar. Duk da haka ya fi ƙarfin a auna shi da kilo kamar tsohuwar tukunya.

Abin da masu saye ke fara dubawa shi ne lambobi biyu: ɗaya a jikin inji, ɗaya a ƙarfen firam, galibi kusa da wuyan babur. Ka goge wurin da tsumma da kananzir, ka ɗauki hoto. Kada ka kankare da sanfefa. Da waɗannan lambobin ake gane ƙirar da shekarar, a kuma tabbatar injin na asali ne. Ka binciki akwatin marigayi: tsohon lasin, rasit, ko hotonsa a kan babur ɗin, duk suna ƙara masa daraja.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen gyara. Na taɓa ganin wani Triumph da aka kai wa bakaniken 'yan kabu-kabu. Ya sa sifanar da yake kwance Boxer da ita, ya murje kan notuna kusan duka, sannan aka fesa wa tankin jan fenti mai ƙyalli. Ba laifinsa ba ne kacokan. Notunan tsofaffin baburan Ingila awon Whitworth ne, sifanar milimita ba ta kama su daidai. Fentin asali kuwa, ko ya koɗe, masu tara irin waɗannan kaya da yawa sun fi son sa a haka.

Kada kuma ka yi garajen buga kik. Injin da ya shekara talatin a kwance zai iya kasancewa fistan ɗinsa ya liƙe, ƙarfi kuma karya zobba zai yi. Cire fulogi, ka zuba baƙin mai kamar cokali biyu a ramin, ka bar shi mako guda kafin ka gwada juya shi a hankali. In ma ya tashi wata rana, ka tuna giyarsa a ƙafar dama take, birkin baya a hagu, saɓanin abin da ka saba.

A yanzu dai ka ɗaga shi daga ƙasa a kan katako, nesa da yoyon damina, ka rufe da tsohon zane, ba leda ba, domin leda na tara gumi. Duk guntun da ya faɗi, ko noti ɗaya ne, ka jefa a gwangwani ka ajiye kusa da shi. Wanda kuma ya kira ka a waya ya ce ka turo kuɗin rajistar gwanjo tun bai ga babur ɗin ba, kashe wayarka.