Amsoshin Tambayoyinku: Tattabaru, Dara da Ƙwallo Shiririta Ne?

TAMBAYA: Ni matashi ne manomi a Ɗanzomo, ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. Da zarar mun kai amfanin gona gida, sai in koma wa tattabaruna, da yamma mu buga dara a majalisa, ƙarshen mako kuma in tafi gidan kallon ƙwallo. Baba kullum faɗa yake, wai duk shiririta ce, mai hankali masallaci da aikin gari yake sa wa a gaba. Shin sai na watsar da su zan zama mutumin kirki?

AMSA: Ɗan'uwa, ba sai ka watsar da su ba. Sai dai kada ka yi saurin cewa Baba bai san zamani ba, domin dattijo ba ya faɗa a banza.

Addini bai hana shaƙatawa ba. Ya tabbata cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma bar Habashawa suna wasa da masu a masallacinsa, ita tana kallo. Abin da malamai ke dubawa a kowane wasa uku ne: akwai caca a ciki? Yana cinye salla? Yana taɓa haƙƙin wani? Mu auna naka da wannan ma'auni.

Tattabaru su ne mafi sauƙin karewa, don kiwo ne. Tattabara kan yi ƙwai biyu, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 18 ko kusa da haka, 'yan shila kuma su isa sayarwa a wata guda. Kashinsu taki ne mai ƙarfi. Matsala tana zuwa ne idan suna sauka kan hatsin da maƙwabta suka shanya, ko kana hawa katanga har kana hango tsakar gidan mutane, ko ka riƙe ta wani da ta biyo naka. Kiyaye waɗannan. In jari ya ɗan taru, shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ka sayo ɗan rago, ka riƙa ba shi harawa da dusa har Babbar Salla.

Dara wasan basira ce: gurbi 30 a ƙasa, kowa da 'ya'yansa 12, babu jefa ƙwaya. Ta bambanta da lido, wadda malamai da yawa ke ƙyama saboda hanin da ya zo kan wasan jefa ƙwaya. Ciwon dara shi ne "bari mu ƙarasa wannan", ladan na kiran Magariba, ku kuna tsugune. Ku yi doka: da jin kira a share gurbin, ko wa ke kan ci.

Ƙwallo ce ke buƙatar ka buɗe ido. A hunturu, yawancin wasannin Ingila na Asabar ƙarfe 4 na yamma ake farawa agogon Najeriya, kan gaɓar La'asar. Na gasar zakarun Turai kuwa akasari 9 na dare, a tashi wajen 11, sai Asuba ta sha wuya. Ka sallaci La'asar kafin ka biya kuɗin shiga, na dare kuma ka zaɓi wanda za ka kalla. Cacar ƙwallo ta waya kuwa haram ce, babu kwana-kwana, kuma ta cinye kuɗin riɗi da zoɓon samari da dama.

Saura aikin gari, kuma a nan ne kake da jarin da ba ka lura da shi ba. Majalisarku ƙungiya ce a shirye: mutane ne da ke haɗuwa kullum ba tare da an aika musu takarda ba. Ƙasarku ta Gumel, daga Gagarawa har Maigatari a bakin iyakar Nijar, ta san rairayi da iskar rani. Jiharku Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin katangar bishiyoyi ta Afirka ya ratsa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Amma dasa darbejiya a damina ba shi ne wuya ba. Wuyar ita ce ban ruwa daga Maris zuwa Mayu, da kewaye dashe da ƙaya don kada awaki su cinye. Ku nemi izinin mai unguwa da liman, ku ɗauki maƙabarta ko harabar firamare, kowa da bishiyarsa da ranarsa. Ku buɗe asusu, kowane mako a jefa abin da ya sawwaƙa, don ranar da famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ko wani ya kwanta asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shi kuma Baba, kada ka tsaya musu da shi, ko ka kawo masa hadisi a matsayin makami. Bari ya riƙa ganinka a sahu, ya ga ka rage dare, ya ji a bakin wasu cewa 'yan majalisarku ne suka gyara maƙabarta. Idan 'yan shila suka isa, ka ware biyu a yi masa farfesu, sannan ka nemi shawararsa kan ragon da za ka saya. Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da iyaye lafiya.