Darasi: Don Me Ɗakin Magani Ya Daina Ba Da Kulorokwin?

 A taron jam'iyyun gama kai da muke zagayawa, tsofaffi sukan yi mana ƙara cewa sun je asibiti da zazzaɓi, sun roƙi kulorokwin, mai ba da magani ya hana su. Waɗansu har suna cewa rowa ce. Ba rowa ba ce, doka ce ta canja.

Kulorokwin ya yi mana aiki shekaru da yawa, ko da yake yakan sa mutum ƙaiƙayi har ya kasa barci. Amma ƙwayar cutar da sauro ke sa wa jini ta saba da shi, kamar yadda kuka ga ƙwarin wake suna saba wa maganin feshi ɗaya. Mutum ya sha, zazzaɓi ya lafa, bayan kwana kaɗan ya komo. Saboda haka a 2005 gwamnatin Nijeriya ta sa a bar shi, a koma ga magani mai haɗi biyu da ake kira ACT. Wanda kuka fi gani shi ne Coartem da irinsa. Ɗaya daga cikin haɗin, daga wani tsiro na ƙasar Sin aka samo shi.

Yanzu kuma sai an gwada jini tukuna. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 20 an sani. Ba kowane zafin jiki ne zazzaɓin sauro ba.

Ga inda muke yawan kuskure. Maganin nan sau 6 ake shansa cikin kwana 3. A ranar fari, bayan shan farko da awa 8 a sha na biyu. Sauran kwana biyun, safe da yamma. A sha da abinci mai maiƙo, kamar kunun gyaɗa ko fura da nono, gama maiƙo ne ke taimakonsa shiga jini. Na yaro kuwa bisa ga nauyinsa ake ba shi, kada uwa ta ɓare na babba da ka.

Mun san halin damina. Mutum ya sha sau biyu, ya ji ƙarfi, ciyawa na cin gona, sai ya ɗauki fartanya, sauran ƙwayoyin ya ajiye wa matarsa. Haɗi na fari yana kashe yawancin cutar da sauri, shi ya sa ka ji sauƙi. Na biyun ne ke share ragowar a hankali. In ka tsaya a tsakiya, ka bar iri a jikinka. An riga an ga cutar ta fara jure wa sabon maganin a Ruwanda da Yuganda, ba mu so ta kai nan.

Fansidar yanzu na rigakafi ne ga mata masu ciki a wurin awo. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa sha, ko yana amai ba tsayawa, a kai shi asibiti nan da nan, allura yake bukata.

Tambayoyi domin tattaunawa:
1. Wane magani ke cikin akwatin jam'iyyarku yau, yaushe kuma ranarsa za ta ƙare?
2. In yaro ya jijjiga da dare, babur ɗin wa za a ɗauka, wa zai biya mai?