Koyarwar Eklesiya Kan Haƙƙin Talaka: Darasin Bakalori

A ranar 15 ga Mayu 1891 Fafaroma Leo na XIII ya fitar da wasiƙar da ake kira Rerum Novarum. A wancan zamani masana'antu sun cika biranen Ingila da Jamus da Faransa. Talakawa sun baro gonakinsu zuwa birni, suna aiki tun daga asuba har dare, har da mata da ƙananan yara, a kan ladan da ba ya isa abinci. Dukiya ta taru a hannun 'yan kaɗan, waɗanda kuma su ne ke juya masu mulki. Fafaroma ya koyar cewa dole ladan ma'aikaci ya isa ya riƙe shi cikin mutunci, cewa ma'aikata suna da ikon kafa ƙungiyoyinsu, kuma hukuma tana da nauyin kare marasa ƙarfi fiye da kowa, domin mai kuɗi yana da abin kare kansa. Ya ƙi ra'ayin masu cewa a soke mallakar dukiya gaba ɗaya. Hujjarsa ita ce talaka ne zai fi cutuwa, tun da burinsa shi ne ya sami ɗan fili nasa na kansa.

Wani zai ce ina ruwanmu da masana'antun Turai, mu da muke zaune a Jangebe da Talata Mafara da Bakura? To, injuna sun zo mana mu ma, ta hanyar ruwa.

Daga 1974 zuwa 1978 aka gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Maradun, kuma kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Manufar ba mummuna ba ce. An so a riƙa noman rani, a sami shinkafa da alkama, a rage yunwa bayan farin da aka sha a farkon shekarun 1970. Amma ruwan da aka tare ya cinye ƙauyuka da gonaki, aka tashi dubban iyalai. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban ruwa aka hana su shuka har a gama baje ƙasa da haƙa magudanai, damina ta wuce, wata ta biyo. An sare itatuwan da suka gada, diyya kuma ta yi ta jinkiri. Da aka zo sake rabon filaye, da yawa suka koka cewa abin da aka ba su bai kai nasu ba. Mutanen fadamun da ke ƙasa da madatsar su ma suka rasa ambaliyar da suke noman shinkafa da ita.

A lura da wani abu na doka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa dukan filayen jiha a hannun gwamna, kuma diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da gine-gine, ban da ƙasar kanta. Manomin da kakanninsa suka share dajin ya wayi gari kamar ɗan aro a gonarsa.

Manoma suka yi koke, da ba a saurare su ba suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Manoma da masu bincike sun ce sun haura 300.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 21. Sarki Ahab ya nemi gonar inabin Nabot, har ya yi masa tayin kuɗi ko wata gona da ta fi kyau. Nabot ya ƙi domin gadon kakanninsa ne, aka ƙulla masa sharri aka kashe shi, Ubangiji kuwa ya aiko Iliya. A ganina abin nauyi a nan shi ne, ko Ahab ya fara da tayin biya. A Bakalori an fara aiki tukuna, maganar biya ta biyo baya.

Kusan dukan waɗanda suka mutu Musulmi ne. Wannan bai rage mana nauyi ba ko kaɗan, gama koyarwar Fafaroma Leo ba ta tambayi addinin ma'aikaci ba. Fafaroma Yohanna Bulus na II ya sake jaddada ta a 1991 cikin Centesimus Annus, inda ya tuna mana cewa Allah ya ba da ƙasa domin ta ciyar da dukan 'yan Adam. A 2010 mun ga irin wannan hali a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400, ribar kuwa ta tafi hannun wasu.

Ba gwamnati kaɗai wannan darasi ya shafa ba. A cikinmu akwai ma'aikatan gwamnati da ke riƙe da takardun filaye, akwai 'yan sanda, akwai masu ɗaukar 'yan ƙwadago a gona da yaran shago. Wanda ya riƙe ladan ɗan ƙwadago har mako ya zagayo, ya karanta Yakubu 5:1-6 kafin ya zo karɓar Jibi Mai Tsarki. Ina kuma roƙon katikist da shugabannin Zumuntar Mata su taimaki iyalai, musamman gwauraye, su rubuta iyakokin gonakinsu da sunayen shaidu a gaban mai unguwa. Duk wanda aka taɓa filinsa ba bisa ƙa'ida ba, Kirista ne ko maƙwabcinsa Musulmi, a kai maganar ga kwamitin Adalci da Zaman Lafiya na farish.