Baƙin dutse mai suna manganezi

Tun da aka gano zinariya a Jado a shekarar 2014, mutanenmu suka fara duban duwatsu da wani ido. Ran nan wani ɗalibinmu ya zo aji da baƙin dutse a ƙunshe cikin tsumma. Ya ce: "Malam, an ce mini wannan ya fi zinariya tsada. Ina so in saida akuyata in sayi buhu guda." Na ce masa: "Dakata tukuna, mu gwada shi."

Dutsen nan manganezi ne. Ana haƙo shi da yawa a Afirka ta Kudu, da Gabon, da Gana. Akwai shi kuma a Tambawo, cikin Burkina Faso, kusa da iyakar ƙasarmu. Masana'antu suna zuba shi cikin baƙin ƙarfe don ya ƙara ƙwari. Baƙin garin nan da ke cikin pil na rediyo da tocila, akwai manganezi a cikinsa.

Yaya za a gane shi?

1. A goga shi a gindin fasasshen tangaran. Manganezi yana barin baƙin zane. In zanen ja ne, to tama ce.
2. A murza shi da yatsa. Sau da yawa yana baƙanta hannu kamar gawayi.
3. A kawo mayen ƙarfe kusa da shi. Ba ya kama shi.
4. A ɗiga masa ruwan wanke miki na farmasi, wanda ake kira "o oksijene". Sai ka ga yana kumfa.

To, nawa ne kuɗinsa? Zinariya da giram ake auna ta. Manganezi kuwa da tan ake saida shi, kuma tan guda kilo 1000 ne. Ke nan buhu guda ba ya biyan kuɗin akuya.

Amma akwai irin da ba a cika samu ba: mai ƙyalli, mai tsinke-tsinke kamar allurai. Masu tara duwatsu suna sayen irin wannan saboda kyansa. In ka samu shi, kada ka fasa, kada ka kankare. Da ya fashe, darajarsa ta tafi. Kai shi ofishin ma'adinai na jiharku, masana su duba. Ku tuna, arzikin ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ba a haƙa sai da izini.

A kiyaye kuma: shaƙar ƙurarsa yau da gobe tana lalata jijiyoyi, har hannu ya riƙa rawa. Kada a bar yara su fasa tsohon pil.

Ɗalibinmu bai saida akuyarsa ba. Yanzu ma ta haifi biyu.

Tambayoyi

1. Wane irin zane manganezi yake bari a kan tangaran?
2. Kilo nawa ne tan guda?
3. Ina za ka kai dutsen da ba ka sani ba?