Yadda Ake Samun Kwafin Shari'ar Babban Laifi

Mutanen Rano da Kibiya da yawa sukan bar kotu ba su karɓi takardar hukunci ba, sai ranar da ake son ɗaukaka ƙara a rasa abin nunawa.

Da farko sai mutum ya san kotun da ta yanke hukuncin. Manyan laifuffuka, kamar kisan kai da fashi da makami, sau da yawa a gaban majistare 'yan sanda suke fara gabatar da su, amma Babbar Kotun Jihar Kano ce take yin shari'ar. Saboda haka fayil ɗin yana wurin magatakardanta.

Mai nema ya rubuta wa magatakarda takarda, ya sa sunan wanda aka tuhuma, da lambar ƙara, da shekara. Lambar nan ita ce ta fi muhimmanci, gama masu suna ɗaya suna da yawa. Ya biya kuɗin da aka ƙayyade, ya karɓi rasit. Lalle ne kwafin ya zo da hatimi da sa hannun jami'in kotu, kamar yadda Dokar Shaida ta 2011 ta tanada; hoton takarda kawai ba ya zama hujja.

Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36(7), ya ba wanda aka yi wa shari'a, ko wakilinsa, ikon samun kwafin hukunci cikin kwana 7. Kada a yi jinkiri: wa'adin kai hukuncin Babbar Kotu gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne.