Yadda Ake Yawon Buɗe Ido a Birnin Rum da Abokai da Ɗan Guzuri

Kafin kowa ya sayi tikitin jirgi, ku zauna ku yi maganar kuɗi. Abokai biyar ba aljihunsu ɗaya ba, kuma mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa shiru zai yi, ya bi sahu yana cizon yatsa. Ku tsayar da abin da kowa zai zuba a asusu guda, ku naɗa ma'aji wanda ba ya jin nauyin cewa "wannan ya fi ƙarfinmu". Daga asusun za a biya masauki da mota da abincin da ake ci tare. Tsaraba kuwa, kowa da aljihunsa.

Mai fasfo na Najeriya ko Nijar sai da bizar Schengen: Yuro 90 ga babba, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ku nema da wuri, ku kuma kauce wa Yuli da Agusta, lokacin zafi da cunkoso. A Nuwamba ko Fabrairu masauki ya fi sauƙi.

Ku kama gida ɗaya mai kicin maimakon ɗakunan otal. Ni unguwar Esquilino nake ba da shawara, kusa da babbar tashar Termini, domin kasuwarta da ke dab da Piazza Vittorio tana da naman halal da shinkafa da kayan miyar Afirka. Ku tambayi mai gidan harajin baƙi tun farko, don a kan kowane mutum ake biyansa, kowane dare.

Daga filin jirgin Fiumicino, jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kai mutum Termini cikin minti 32 a kan Yuro 14. Bas yana ɗaukar wajen rabin wannan kuɗi, sai dai ya fi jinkiri. Ga mutum biyar, rarar ta isa cefanen yini.

Cikin gari ƙafa ce abin hawanku, domin tsohon birnin a dunƙule yake. In kun sayi tikitin bas, yana aiki na minti 100, amma sai kun buga shi a na'urar da ke cikin motar, in ba haka ba tara ce. A bas mai lamba 64, wanda ke zuwa wajen Batikan, ku rungume jakunkunanku ta gaba saboda 'yan sane. Kada kuma ku sayi ruwan gora. Akwai famfunan ƙarfe da ake kira nasoni birjik a tituna, ruwansu mai sanyi yana zuba dare da rana, kyauta. Ka toshe bakin famfon da yatsa, sai ruwan ya yi tsalle ta wata 'yar huda a sama, ka sha ba tare da kofi ba.

Wurin da ya cancanci ku kashe kuɗi shi ne Colosseum, filin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Tikitin Yuro 18 ya haɗa da Dandalin Rumawa da tsaunin Palatino, yini guda cur ke nan. Ku saye shi tun kuna gida daga shafin hukumar wurin, kada ku saurari masu tare mutane a bakin ƙofa. Lahadin farko na kowane wata shiga kyauta ce, amma layin yakan cinye safiya. A 2023 aka fara karɓar Yuro 5 kuɗin shiga Pantheon, kuma bai kamata a wuce shi ba: ku tsaya a tsakiya ku ɗaga kai, ku ga buɗaɗɗen ramin da ke saman kubbar, inda hasken rana ke saukowa yana zagaya bango. Piazza Navona ba a biyan komai, haka ma shiga Majami'ar San Pietro, muddin kafaɗa da gwiwa a rufe suke. Tsaunin Gianicolo yana nuna birnin gaba ɗaya, kuma ana harba igwa a can kullum da ƙarfe 12 na rana. A Matattakalar Sifaniya kada ku zauna, an hana.

Abincin rana ku nemi pizza al taglio, wadda ake yankawa da almakashi a auna a sikeli. Ka nuna faɗin da kake so da hannu. Kofi a tsaye ake sha in ana son araha, da zarar ka zauna farashi ya tashi. Ga abin da Musulmi zai kiyaye: taliyar carbonara da ta amatriciana da ta gricia duk da naman kumatun alade ake yinsu. Cacio e pepe kuwa taliya ce da cuku da masoro kawai. Ku riƙe kalmomin "senza maiale", wato ba alade.

In Juma'a ta same ku a can, ku hau jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio ku sauka a Campi Sportivi. Babban Masallacin Rum, wanda aka buɗe a 1995, tafiyar 'yan mintoci ce daga tashar.