Darasi: Tsohon Garin Sitokhom, Unguwar da Ta Tsira Daga Rusau

Suwidin ƙasa ce da ke can arewacin Turai, inda sanyi yake da tsanani. Babban birninta shi ne Sitokhom. An gina shi a kan tsibirai 14. Tsibiri shi ne tudun ƙasa wanda ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Gadoji ne suka haɗa tsibiran.

A tsakiyar birnin akwai unguwar da ake kira Gamla Stan, wato Tsohon Gari a harshensu. Daga nan birnin ya faro. A shekarar 1252 aka fara ambaton sunan Sitokhom a rubuce. Wurin mashiga ce, inda ruwan wani babban tafki yake kwarara cikin teku. Jiragen ruwa masu ɗauko ƙarfe da jan ƙarfe daga cikin ƙasa ta nan suke biyowa. Shi ya sa fatake, musamman Jamusawa, suka kafa gidaje da rumbunan kaya a wurin.

Baƙon da ya zo kallo da ƙafa yake yawo, domin yawancin lungunan mota ba ta shiga. An shimfiɗa musu duwatsu, don haka sai da takalmi mai ƙwari. Akwai wani lungu da faɗinsa santimita 90 ne kacal a inda ya fi matsewa, bai kai mita ɗaya ba. Mutum biyu ba sa iya jerawa. Idan mutum ya buɗe hannuwansa zai taɓa bangon dama da na hagu. Sunan wani attajiri Bajamushe, Marten Trotzig, aka sa wa lungun. An toshe shi shekara da shekaru, sai a 1945 aka sake buɗe shi.

Ginin da ya fi kowanne girma a unguwar shi ne fadar sarki. Tsohuwar fadar gobara ta cinye ta a 1697. Aka fara ginin sabuwa, amma yaƙi ya lashe kuɗin ƙasa, aiki ya tsaya. Sai a 1754 gidan sarauta ya tare, wato shekara 57 bayan gobarar. Ɗakunan fadar sun haura 600. Sarki Karl Gustaf na 16, wanda ya hau gado a 1973, ba a nan yake kwana ba. Nan wurin aikinsa ne da karɓar baƙi. Jama'a kan taru su kalli dogarai suna karɓar gadi daga hannun 'yan'uwansu.

Kusa da fadar akwai babban dandali, gidaje masu launin ja da rawaya sun kewaye shi. Yau mutane suna zaune suna shan gahawa a nan, amma wurin ya taɓa ganin tashin hankali. A shekarar 1520, sarkin Danmak, Kiristiyan na biyu, ya kama garin. Ya yi wa manyan ƙasa alkawarin afuwa, ya gayyace su bikin naɗinsa. Da aka gama shagali sai ya sa aka rufe ƙofofi. Aka fito da mutum fiye da 80 aka kashe. Cikinsu har da mahaifin wani saurayi mai suna Gustaf Vasa. Saurayin nan ya tara manoma da masu haƙar ma'adinai, suka kori Danmak. A 1523 ya zama sarkin Suwidin.

A gefen dandalin kuma akwai ginin da masana suke zama su zaɓi marubucin da za a ba Lambar Nobel ta adabi. Su ne suka zaɓi Wole Soyinka na Nijeriya a 1986.

To, wannan unguwa da ake tahowa kallonta daga nesa, saura ƙiris a rushe ta. Da birnin ya bunƙasa, masu hali suka koma sababbin unguwanni, suka bar talakawa a cunkushe. Ruwan sha ba tsabta, magudanai ba su da kyau. A 1834 annobar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 3,000 a birnin. Wasu gidajen bakin ruwa ma sun karkace, domin a kan shara da ciko aka gina su. An sha fito da tsarin share unguwar a yi manyan tituna. Abin kuwa ba wasa ba ne, domin daga shekarun 1950 zuwa na 1970 an rushe ɗaruruwan gidaje a wata tsohuwar unguwa mai suna Klara, tsallaken gada kaɗan.

Tsohon Gari ya tsira ne saboda mutane sun tsaya sun ce a gyara, kada a rushe. Aka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Aka ƙarfafa tushensu, aka jawo musu famfo, aka bar fuskarsu yadda take. Yanzu mai gida ba ya sauya fasalin gininsa sai da iznin hukuma. Mutum kimanin 3,000 ne suke zaune a unguwar. Tsofaffin rumbunan fatake sun koma kantuna da gidajen abinci, kuma da kuɗin baƙi da yawansu suke ci.

A wani ɗan fili a bayan wata majami'a akwai mutum-mutumin wani yaro na ƙarfe, yana zaune ya rungume gwiwoyinsa. Tsawonsa santimita 15, bai kai taƙi ɗaya ba. A 1967 aka ajiye shi. Baƙi kan shafa kansa, har wurin ya yi sumul. Idan hunturu ya shigo, wani lokaci rana kimanin awa shida kawai take yi a sama, mutanen gari kan saƙa masa 'yar hula da mayafin wuya su sa masa.